Ƙafar Kujerar Shamsiyya

Kaduna, 15 ga Afrilu

Zuwa ga taubashina Tukur kafinta, Gidan Igwai, Sakkwato.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kun yi sallah lafiya, kai da Saudatu da yara. Yaya zafi? Yaya kunnen? Mu nan lafiya lau, sai aikin asibiti da ba ya ƙarewa, da ƙafata da ke kumbura in na daɗe a tsaye.

Ka ga abin da ka jawo mini. Duniya duk ta koma magana ta waya, ni ga ni da biro da takarda, don kawai injin yankan katako ya cinye maka kunne har ka kyautar da wayarka. Attahiru direba ne zai riƙa kawo maka, shi zai riƙa karɓo amsa. In ka manta yadda ake rubutu, ka sa Saudatu ta kama maka hannu.

Kada ka yi murna, ba zumunci ne ya tuna mini da kai ba. Kakata da kakanka ne wa da ƙanwa, wannan zumunci kuwa ko a taron suna ba ya sa a ba mutum tabarmar gaba. Maganar 'yata Shamsiyya ce. Ka san tun rasuwar babanta tana Arkilla wurin mahaifiyata Inna Tani, bana kuma take gama aji uku na ƙaramar sakandare. Ina so ta shiga makarantar kimiyya da fasaha, don in Allah ya yarda injiniya za ta zama. To, wai ba a ɗaukar yaro a can sai makinsa na darasin fasaha ya kai saba'in, rabin makin kuma daga aikin hannu yake fitowa. Malaminsu, Malam Mode, ya ce kowa ya kawo kujera 'yar tsugunno da ya ƙera kafin ƙarshen Mayu.

Na yi dariya da na ji. Yarinyar da za ta zauna a ofis ta zana gada, ita ce za a ce ta riƙe zarto? Me ya haɗa karatu da kafintanci? Da a ce da hannu ake cin gaba, ai da kai ne gwamna. Inna ta ce dama duk 'yan ajin a shagonka ake yi musu, Malam Mode ne ma ke nuna musu hanya. Madalla. Ka yi wa 'yata tata, amma ba irin ta gama-gari ba. Ina son wadda ta fi ta kowa, ko da sau ɗaya ne a rayuwarka ka yi abin da za a nuna.

Ka gaida Saudatu, ka ce ina yaba mata haƙuri.

Wasila

*

Gidan Igwai, 22 ga Afrilu

Wa alaikumus salam, taubashiya Wasila.

Takardarki ta iso, Attahiru ya kawo ta da tabon manja a gefe. Lafiya lau muke, Alhamdu lillahi. Zafi kam ba a magana, ko ƙadangare ba ya fita da azahar. Kunnen na nan yana jin abin da ya ga dama, habaicinki dai ya ji shi sarai. Allah ya sauwaƙe ƙafar. Ki rage tsayuwa kan marasa lafiya kina yi musu faɗa, za ta saɓe.

Kin tambayi mi ya haɗa karatu da kafintanci. A makarantar ɗiyarki kam ba abin da ya haɗa su, ki kwantar da hankalinki. Na taɓa shiga gyaran tagogi. Akwai wani dogon ɗaki da anka rubuta wa ɗakin aikin hannu, kwaɗo uku a ƙofa. Na leƙa ta taga, ga akwatuna jere, injuna ne anka kawo shekara bakwai ke nan, ko ƙusar akwatin ba a cire ba. Wai in an buɗe yara za su lalata. Gara ce dai ke cin akwatunan, ita ba a hana ta karatu ba.

To yaya ake koyarwar? A allo. Malam Mode ya zana zarto da alli, ya ja kibiya ya rubuta nan ne mariƙi, nan ne haƙora. Yara su kwafa, su haddace, su ci. Shekara uku ɗiyarki tana zana guduma. Shi kansa Malam Mode, ranar da ƙusar da yake rataya hula a ofis ta faɗi, ni anka aiko wa. Wallahi ba ƙari. Mutum ne mai takarda har biyu a kan ƙere-ƙere, in kin ba shi kurfin fafe katako zai ɗauka na sakace ne.

Yanzu ki saurara, tunda a asibiti ba a koya muku wanga. Kin ce in yi wadda ta fi ta kowa. Ba haka ake yi ba. Shekarar farko da na fara yi musu, na zage na yi kujeru masu kyau, Malam Mode ya maido mini su duka, ya ce wa zai yarda yaro ya yi wanga? Tun ran nan na gane kasuwar. Kowace kujera in na gama, sai in rage ƙafar baya ta hagu kaurin akwatin ashana, don ta riƙa rawa in an zauna. In lanƙwasa ƙusa ɗaya ko biyu, in bar fenti ya zuba a gefe. Shi ke nan ta zama aikin ɗalibi. Wadda ta fi rawa ita ta fi maki, don an ga alamar ƙoƙari. Shekara talatin ina koyon daidaita katako, yau da karkatarwa nake cin tuwo. Bana arba'in da ɗaya zan yi.

Ɗiyarki ta zo ranar Laraba da ƙawayenta don a rubuta suna. Su sunka tafi, ita ta tsaya tana jujjuya kujerun bara da sunka rage. Ta ɗora ɗaya a kan siminti, ta danna, ta ga tana rawa. Ta matso kusa da kunnena mai ji ta ce, "Kawu, mi ya sa duk ƙafa guda ce gajera?" Na faɗa mata gaskiya ina dariya. Ita ba ta yi dariya ba. Ba ta gado ki ba a nan, ke da abin kunya ke ba ki nishaɗi.

Ki bar mini maganar kujera, na ji.

Tukur

*

Kaduna, 6 ga Mayu

Tukur,

Ina gaisuwa. Ƙafar da sauƙi. Ina fata Saudatu ta warke daga murar da Inna ta ce tana yi.

Na karanta wa'azinka. Abin mamaki, mai sayar da kujerar ƙarya shi ne ke zagin masu saye. Laifi tudu ne. In makarantar ta lalace, ai kai ne kafintanta. Ni ban damu da abin da ke cikin akwatunansu ba, ko gara ta cinye har da Malam Mode. Saba'in nake nema, in na samu su riƙe sauran.

Ga abin da ya sa na rubuto. Inna ta ce kusan kullum in an tashi makaranta Shamsiyya ba ta isowa gida sai la'asar, ta hau keke daga Arkilla har Gidan Igwai, ta dawo da garin katako a hijabi. Me take yi a shagonka? Na tambaye ta a waya ta ce kallo. Kallon me? Ni ban bar garinmu na zo nan ina wanke ciwon mutane don 'yata ta ƙare a cikin ƙurar katako da 'yan ga-ruwa na leƙenta ba. Babanta malamin lissafi ne. In hannunta ya yi kanta, wa zai ce ɗiyarsa ce? Ka kore ta. Ka gama kujerar ka aika mata gida, ba sai ta zo gadi ba.

Kuma kada ka ce ban yi nawa ba. Na samo lambar Malam Mode na kira shi, na gaishe shi da kyau, na gaya masa Shamsiyya marainiya ce, tata kujerar kuma ɗan'uwana Tukur ne ke yi mata da hannunsa, ya sa ido a kanta. Ya ce ba komai Hajiya, ai duk na gida ne. Ka ga yadda masu ilimi ke gama magana cikin minti biyu.

Wasila

*

Gidan Igwai, 20 ga Mayu

Taubashiya,

Salamu alaikum. Ki yi haƙuri da jinkiri, aiki ne ya yi yawa, karkatar da kujera arba'in ba wasa ba ne. Saudatu ta warke. An yi yayyafi shekaranjiya, ƙasa ta shanye kamar ba a yi ba.

Maganar kora, na ji. Ni ban saba korar wanda ya yi sallama ba, balle jinina, ko da na nesa ne. Tana zuwa, tana zama daga ciki inda Saudatu ke kawo mini abinci, ba mai leƙenta. Hannunta na nan guda biyu.

Kiran da kinka yi wa Malam Mode, ban ga amfaninsa ba, amma ke ba a hana ki magana tun kina yarinya.

Kujerar ta kusa. Abin da zan iya ce miki, tunda na kafa shagon nan irinta ba ta taɓa fita ta ƙofarsa ba. Ranar Litinin mai zuwa ake kaiwa, wai har da wani sufeto da zai zo duba makin.

Tukur

*

Kaduna, 28 ga Mayu

Tukur,

Ba ni da gaisuwa yau. In kana lafiya, ka gode Allah ina nesa.

Sifili, Tukur. Sifili aka ba 'yata jiya a gaban 'yan aji. Inna ta kira ni, sannan na kira Malam Mode ya ba ni labarin duka. Sufeton ya bi kujeru arba'in da ɗaya, yana dannawa suna rawa yana gyaɗa kai. Ya zo kan ta Shamsiyya ya danna, shiru. Ya juya ta, ba ƙusa ko ɗaya. Ya ce wannan aikin kafinta ne, sayowa aka yi, ya tambayi Malam Mode ko haka yake barin yara suna yi. Me kake so bawan Allah ya ce? Ya ceci kansa. Ya ce shi ma ya yi zargi, don uwarta ta kira shi ta ce kafinta ne ke yi mata.

Kai ne ka cika mini takarda da bayanin yadda ake rage ƙafa. Kai ne gwanin lanƙwasa ƙusa. 'Ya'yan mutane arba'in ka yi musu daidai, sai da ka zo kan marainiyar gidanku ka tuna kai gwani ne? Na san abin da za ka ce, ni na ce ta fi ta kowa. To ni na ce, ban san sirrin sana'ar ƙarya ba, kai da ka sani me ya hana ka yi abin da ya dace? Burgar me kake yi da makin yarinya? An ce ka gyara gira, ka tsone ido.

Wai ta tsaya tana ta rantsuwa ita ta yi, har da kuka. Kai ka koya mata wannan ma?

Na roƙi Malam Mode, ya yi mana mutunci. Ya ce ranar Talata mai zuwa, huɗu ga wata, zai aika da maki. In ta kawo aikin da ya yi kama da na ɗaliba kafin nan, zai goge sifilin. Saboda haka ka ɗauki zarto ka rage ƙafar nan, ka buga mata ƙusoshinka, ka shafa fentinka. Ko ka ba ta ɗaya daga cikin guragun bara. Ka nuna mata takardar nan, ta san umarnina ne, ba shawara ba. In ta rasa makarantar nan, kada ka ƙara kirana 'yar'uwa, ko ta nesa.

Wasila

*

Gidan Igwai, 31 ga Mayu

Wasila,

Salamu alaikum. Lafiya muke. Ki zauna kafin ki karanta, saboda ƙafar.

Ba rantsuwar ƙarya ta yi ba. Ita ta yi kujerar. Arba'in na yi, ba arba'in da ɗaya ba.

Washegarin ranar da ta tambaye ni maganar gajerar ƙafa, ta dawo ta ce, "Kawu, ni ba ni son mai rawa. Koya min in yi tawa." Ta roƙe ni kada in faɗa miki, don ta san abin da za ki ce, kuma kin faɗe shi ɗin. Na ɗauka kwana biyu za ta gudu. Na ba ta zarto da guntun katako. Ta nuna mini mariƙi, ta nuna mini haƙora, ta faɗi sunansu da Turanci, amma ba ta san ta inda ake fara yanka ba. Shekara uku, Wasila. Ta lalata mini katako huɗu. Ta yanke babban yatsa, Saudatu ta ɗaure mata, ta ce wa Inna wuƙar albasa ce.

Mako na biyu ta daina tambayata. Ta zo da takarda ta zana kujerar daga sama, daga gefe, daga gaba, kowane gefe da awonsa. Wanga kam a makaranta ta koya, in ba su haƙƙinsu, ni ban iya ba. Ta ga wata tsohuwar kujerar maɗaci ta babana da ba ta da ƙusa, ta ce irinta take so. Na ce ke, wagga sai an fafe rami a katako an sassaƙa bakin ɗayan ya shige cif, ni kaina sai da na shekara uku kafin a bar ni in gwada. Ta ce to. Rami takwas ta fafe da kurfi. Na farkon ya yi faɗi, ta jefar ta sake. Wallahi ban taɓa kujerar nan ba, in ban da riƙe mata ƙafa tana bugawa. Ranar da ta gama ta ɗora ta a siminti ta danna kusurwa huɗu, ta ɗago ta dube ni. Ni da na yi shekara talatin a sana'a, sai na ji kunyar kujerun da ke jere a bayana.

Na san ya kamata in rage ƙafar. Na ɗauki zarton ma. Ban iya ba.

Ga takardar zanen nan na saka miki a ciki. Tabon da ke ƙasa na yatsan ne.

Yanzu sauran gaskiya, tunda na fara. Jiya na sa riga na tafi makarantar. Niyyata in shiga ofishin shugaba in ce a kifa kujerun nan arba'in, a auna ƙafar baya ta hagu, a ga ko yara arba'in za su yi kuskure guda. Na tarar da su jere a baranda kamar awakina sun gan ni. Malam Mode ya tare ni tun daga ƙofa, ya ja ni gefe, ya ɗaga murya don in ji. Ya ce, "Malam Tukur, in ka buɗe baki yara arba'in za su faɗi, ciki har da ɗiyan maƙwabtanka, ni a kore ni, kai kuma ka san inda tuwonka ke fitowa. A bar kaza cikin gashinta." Na ce to a ba yarinya katako ta yi wata a gabanku. Ya ce da wane kayan aiki? Na nuna masa ɗaki mai kwaɗo uku. Ya yi dariya, ya ce makullin na wurin wanda ya yi ritaya. Na ce ga nawa a shago. Ya ce ba ya cikin tsari.

Kin san abin da na yi? Na ce masa sai an jima. Na hau keke na dawo. Duk zagin da na cika miki takarda da shi, da anka zo wurin faɗa a gaban mutane sai bakina ya zama kamar kunnena.

Ke kuma, mai ilimi, da kike gama magana cikin minti biyu. Sufeto zargi kawai ya yi. Shaidar da ta kashe ɗiyarki daga bakinki ta fito, kuma a gaban 'yan ajinta anka maimaita.

Na ba ta takardarki kamar yadda kinka ce. Ta karanta sau biyu, ta ninke, ta miƙo mini. Ta ɗauki kujerarta da ta maido shago bayan sifilin, ta tafi da ita gida.

Tukur

*

Kaduna, 2 ga Yuni

Yaya Tukur,

Salamu alaikum. Ina rubutu a tsaye, Attahiru na jirana a tasha.

Na ga zanen. Rubutun lambobinta irin na babanta ne sak, har yadda yake ja wa bakwai layi a ciki. Na zauna da takardar nan tun safe, na kasa zuwa aiki.

Kada a taɓa kujerar. Ka ji ni? Kada a rage ko ƙwayar gero. Na janye abin da na rubuta, ka gaya mata na janye. Na kira Inna ya fi sau goma wayar a kashe, na san halinta, in wuta ta ɗauke sai ta bar ta kwana huɗu a ƙarƙashin filo. Na kira Malam Mode na ce ƙarya na yi masa ba da sani ba, ya ce Hajiya magana ta riga ta fita, ya kashe, yanzu ba ya ɗauka.

Na nemi hutu, sun ce sai Asabar. Zan zo in shiga makarantar nan da kaina da kujerar a ka, in su kwaɗo uku gare su ni baki gare ni. In makin ya tafi ya tafi, ta sake shekara. Ka ce mata ta jira ni. Ka ce mata na ga zanen.

Har yanzu kai matsoraci ne, amma na gode.

Wasila

*

Gidan Igwai, 7 ga Yuni

Wasila,

Wa alaikumus salam. Lafiya muke. An yi ruwa sosai ranar Laraba, gari ya yi sanyi.

Takardarki jiya Alhamis ta iso. Motar Attahiru ta lalace bayan Gusau, ya kwana uku yana jiran kayan gyara da takardar a aljihu. Ihu bayan hari.

Ranar Litinin da azahar Shamsiyya ta shigo da kujerar. Ta gaishe ni. Ta ce, "Kawu, ara min zarto da akwatin ashana." Na ce ki bari in ba ki ta bara, ki aje taki. Ta ce a'a, an ce ta kawo aikinta, aikinta za ta kai. Na ce to kawo in yanke. Ta ce ita ta yi, ita za ta yanke.

Ta kifa kujerar, ta ɗora akwatin ashana a ƙafar baya ta hagu, ta ja layi da fensir, ta duba shi da kyau kamar yadda na koya mata. Yanka ɗaya, miƙe sar, ko ni iyakar abin da zan yi ke nan. Ta ɗauki ƙusa uku ta buga inda ba a buƙatarsu, ta lanƙwasa biyu. Ta tsoma buroshi a shuɗin fentin da nake shafa wa sauran, ta bi kan maɗacin da ta yi kwana shida tana gogewa. Saudatu ta fita daga shagon, ta kasa kallo. Ita ko hawaye babu. Da ta gama ta ɗora a siminti ta danna, kujerar ta yi rawa. Ta ce, "Ta yi, Kawu?" Na ce ta yi.

Ranar Talata ta kai. Malam Mode ya danna, ya gyaɗa kai, ya ce yawwa, yanzu ya ga aikin ɗaliba, da tun farko haka ta yi da ba a wahala ba. Ya ba ta tamanin da biyu, ita ce ta ɗaya a aji. Makin ya tafi. Za ta shiga makarantar da kike so, in Allah ya yarda. Ina taya ki murna, ina taya kaina, mu biyu da Malam Mode mun koya mata darasin fasaha.

Jiya da takardarki ta zo na tafi Arkilla da kaina na kai mata. Ta karanta a tsaye a zaure. Ta ce ba komai. Na ce ga ragowar maɗaci a shago, ta zo ta yi wata, wagga karon ta aje a ɗakinta. Ta ce ta gode, amma tana da karatu, ta gama da katako. Ta maido mini kurfin da na ba ta kyauta, a naɗe cikin takarda.

Ba sai kin ɗauko komai a ka gobe ba. Ki zo dai, Attahiru ya ce zai ba ki wagga takarda a tasha kafin ki hau. Abin da kinka ji yana motsi cikin ambulan guntun ƙafar ne. Ita ta tsince shi daga ƙasa ranar Litinin ta sa a jaka. Jiya ta ba ni, ta ce in aiko miki, ke kinka yi oda.

Tukur